Asun da Ya Bi Tocila

Ku matso, ku rage murya. Labarin Ilu Dillali zan ba ku.

Sana'arsa sayen tufafin mamata. Ko sadakar uku ba a yi ba, sai ka gan shi a ƙofar gida yana "Allah Ya ji ƙan rai," zuciyarsa kuwa tana kan adakar mamacin. Tir da hali!

Ran nan ya taso daga kasuwar ƙauye, isha ta wuce, ya yanke ta tsohuwar marina shi kaɗai. Sai ga wata tsohuwa zaune, da bargon ulu a ninke bisa cinyarta.

"Sannu, Iya."

"Yauwa, ɗan nan. Kana saye?"

Bakinta bai motsa ba. Daga cikin bargon muryar ta fito. Ya ji sarai. Amma da ya shafa ulun ya ji laushi, sai ya yi kunnen uwar shegu.

Wani ɗan ƙwaro ya rarrafo daga ninkin bargon.

"Ka san wannan?" in ji ta.

Ilu ya ja tsaki. "Ni za a tambaya? Asu ne. Da kaɗan ya fi ƙwayar shinkafa, launin ƙaiƙayi gare shi. Gidansa duhun adaka, cikin tufar da aka manta. Ba ya son haske. Masu rububin fitila wasu ne daban."

"Ashe ka sani."

Ya kunna tocila don ya duba ɓarna. Asun ya tashi, ya nufo hasken kai tsaye. Na biyu ya biyo shi. Na goma. Ilu ya ja da baya, hasken ya sauka ƙasa. Zanen tsohuwar yana reto, babu ƙafa a ƙarƙashinsa.

Mai hankali ai gudu zai yi. Shi kuwa sakaran cewa ya yi, "Nawa?"

"Kyauta ne. Ɗauka."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya sure, ya arce gida, ya cusa bargon cikin adakar hajarsa, har da murmushi.

Da safe ya buɗe. Manyan riguna, alkyabba, hulunan dara, duk sun zama gari. Tun daga ranar, rigar da ya sa ba ta kai mako sai ta koma rariya. Gidan da ya nufa duk, tun daga zaure ake korarsa, mata na rige-rigen rufe akwatuna. Ni ko tausayinsa ba na ji.

Kada wanda ya bi ta marina shi kaɗai bayan isha. In an miƙo muku kyauta a can, ku ce a'uzu billahi, ku ƙara sauri.