Dutse Ɗaya Daga Tsohon Bango

A bayan garin su Auta akwai wani tsohon gini a kan tudu. Waɗanda suka gina shi sun daɗe da barin duniya. Rufinsa ya faɗi, amma bangon yana nan tsaye. An yi masa ado da ƙananan duwatsu, shuɗi da kore da ja.

Kawun Auta ne mai gadin wurin. Da can ba shi kaɗai ba ne. Sai hukuma ta ce babu kuɗi, aka sallami abokan aikinsa. Wayar da ta kewaye ginin ta yage, ba a gyara ba. Ga Kawu da ciwon gwiwa.

Wata Asabar Mama ta aiki Auta ta kai masa abinci.

"A'a, yau uwata ce da kanta?" in ji Kawu. "To, zauna mu ci. Amma ki rage mini ko loma ɗaya."

Suna cikin ci sai baƙi suka zo. Kawu ya tashi ya zagaya da su. Auta ta matsa kusa da bango. Ta ga wani shuɗin dutse yana ƙyalli. Ta sa cokali ta ɓamɓare shi.

"Ai guda ɗaya ne," ta ce a ranta. "Wa zai sani?"

Ran Litinin ta nuna shi a makaranta. Yara suka yi mata caa.

"A ina kika samo?"

Auta ta ji daɗi. Ta gaya musu, har da inda waya ta yage.

Daga ranar, in an tashi makaranta, sai yara su lallaɓa ta baya. Wannan ya cire, wancan ya cire. Bango ya cika da ramuka. Da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwa ya shiga ramukan. Gefe guda ya rushe.

Da yamma Kawu ya zo gidansu. Mama ta kawo masa ruwa, ko kallonsa bai yi ba.

"Yaya, jami'in hukuma ya zo," in ji shi. "Ya ce na kasa aikina. Wani kamfani kuma ya daɗe yana neman filin, zai gina shaguna. Sun ce tunda wurin ya lalace, me ake gadi?"

"Wa ya yi wannan ɓarna?" in ji Mama.

"Ban sani ba. Gwiwar nan ba ta barina in zagaya sosai."

Auta tana bakin ƙofa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko dutsen, ta ajiye a gaban Kawu.

"Ni na fara, Kawu. Ni na nuna musu hanya." Sai ta fashe da kuka.

Kawu ya ɗauki dutsen ya duba shi.

"Na ji zafi, uwata," ya ce a hankali. "Amma gara da kika faɗa."

"Share hawayenki," in ji Mama. "Gobe tare za mu je wurin malamarku."

Malama ba ta doki kowa ba. Ta ajiye kwano a kan tebur.

"In kowane yaro a garin nan ya cire ɗaya, me zai rage?"

Sai wani yaro ya ce, "Ba komai, Malama."

Washegari kwano ya cika da duwatsun da yara suka cire. Har da wanda ya zazzago nasa daga cikin safa.

Iyaye suka ji labari, suka taru. Wani mai walda ya gyara wayar kyauta. Yara suka share harabar, suka kwashe ledoji. Wani tsohon magini ya mayar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ɓace, gurbinsu ya zauna haka nan.

Da jami'i ya dawo, ya tarar da wurin cike da mutane, kowa yana aiki.

"Ashe wurin nan yana da masu shi," in ji shi. "Ba za a rushe ba. Za mu kuma samo wa malam mataimaki."

Kawu ya yi dariya har da tafi. Auta ta riƙe hannunsa suka sauko daga tudu a hankali.

Daga nan ta gane cewa kayan tarihi na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ana kallonsu ne a bar su a inda suke.