Ƙararrawar Gidan Marayu na Hamamatsu

Ana tsaka da rabon kyaututtuka aka lura ƙararrawar tagullar da ke rataye a zauren gidan marayun ta yi ɓatan dabo. Tun kafa gidan take wurin.

Kowace Kirsimeti masu babura na Hamamatsu, wani birni a Japan, sukan sa jajayen kaya da farin gemu irin na Baban Kirsimeti, su yi jerin gwano su kawo wa yaran kayan wasa. Sajan Kuramochi na cikinsu, hutu yake, amma ɗan sanda ba ya hutawa da gaske. Ya cire gemun ya sa a aljihu.

Shugabar gidan, Shirakawa, ba ta ambaci suna ba. Idonta ne ya tsaya a hannun Inokuma, tsohon da ke jagorantar tafiyar, wanda ƙaramin yatsansa guntu ne, alamar 'yan daba a ƙasar, ya kuma taɓa zaman kurkuku.

"Idan ba a gan ta ba, bana ce zuwanku na ƙarshe," in ji ta.

Kuramochi ya ji wa tsohon zafi. Wannan tafiyar ce kaɗai abin da Inokuma ya gina da hannunsa tun fitowarsa.

"Malam Inokuma, ina kake lokacin?" ya tambaye shi.

"A ƙasa, yara huɗu suna sukuwa a bayana. Tambayi ƙuguna."

Yaran suka ba da shaida da ihu.

Sai ya juya ga Hisae, mai kai saƙo a kan babur, wadda aka ga ta fita.

"Sigari na je sha, Sajan. Kada ka gaya wa yaran, sun ɗauka Baban Kirsimeti waliyyi ne."

Mai gadin ƙofar gaba ya ce hannu rabbana ta fita, haka ta dawo, kuma ban da ita babu wanda ya wuce shi.

Kuramochi ya tsaya gaban takalman baƙi da aka jera a ƙofar, bakinsu na kallon waje. Ya sa kowa ya ɗauki nasa. Mutum ɗaya ya rage a tsaye da safa: Nagumo, likitan haƙori, sabon shiga ƙungiyar.

"Ka taɓa zuwa gidan nan, Likita?"

"Yau ne farko."

"To ina takalmanka?"

Kuramochi ya ja su zuwa bayan kicin, inda wata 'yar ƙofa take, ta yaran gida. A kantar takalman yara, can ƙasa, ga manyan takalman babur an cusa da ƙyar, da ɗanyen taɓo a jikinsu.

"Baƙo ƙofar gaba ya sani," in ji Kuramochi. "Kai da muka iso, ƙafarka ce ta kawo ka nan ba tare da ta yi shawara da kai ba. Ta nan kuma ka fita da ƙararrawar, mai gadi bai gan ka ba. Buɗe akwatin babur ɗinka."

Tana ciki, naɗe a jar hula.

Nagumo ya dubi ƙararrawar. "A nan na girma. A zamaninmu, wanda ta kaɗa bai iso ba, babu abincinsa. Ƙanena gurgu ne, kullum shi ne na ƙarshe. Da na gan ta yau an goge ta tana sheƙi, ban san lokacin da na sauke ta ba. Tafki na so in jefa ta."

Shirakawa ta sunkuyar da kai. Ba a zamaninta aka yi ba, amma ita ke goge ta duk mako.

"Wannan na fahimta," Kuramochi ya ce a hankali. "Abin da ban fahimta ba, kana tsaye ana kallon wani a matsayin ɓarawo, ka yi gum."

Nagumo ya durƙusa gaban Inokuma har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Tashi, ɗan'uwa, kana ɓata kayan," in ji tsohon. "Da ka nemi shawarata, da ba a kama ka ba."

Shirakawa ma ta rusuna wa Inokuma, ta daɗe ba ta ɗago ba. "Baɗi za ku dawo?"

"Za mu dawo, Malama, don yaran," in ji Inokuma. "Amma in wani abu ya sake ɓata, ki fara duban fuskata kafin hannuna."