Ragon Gawar Ozoua

A kan titin Gagnoa jandarma ya sauke Zalissa daga mota, goyonta na zazzaɓi, saboda ba ta da katin ɗan ƙasa. Ta durƙusa cikin rana tana roƙo har motar ta tafi... da ƙafa ta kai yaron asibiti, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Wayyo, baƙin cikin uwa!

Alhali a wani ƙauye kusa da Gagnoa aka binne cibiyarta. Ubanta ɗan Mosi ne, daga Burkina ya zo aikin koko. Uwarta Ozoua kuwa 'yar ƙasa ce, 'yar ƙabilar Bete gaba da baya, jininta kaɗai ya isa ya mai da Zalissa 'yar ƙasa. Amma su biyun sun rasu ba su yi mata takardar haihuwa ba. Kawunta Digbeu, da ya haɗiye gonar Ozoua, shi ke yaɗa cewa baƙuwa ce. Zalissa ta yi kuka har hawaye ya ƙafe, ta duƙufa addu'a, don saura 'yarta guda, ita ma an ce ba jarrabawa sai da takarda.

Ran da alƙalin rajistar haihuwa ya sauka a ƙauyen, Zalissa ta je gabansa. Digbeu ya miƙe ya rantse cewa Ozoua baiwar Allah ce da aka tsinta a tasha, ba su haɗa komai ba.

"Kawu," ta ce a hankali, "a bayanka fa na yi wayo."

"Kawunki yana Wagadugu."

Can sai tsohuwa Lohouri, mai wankan gawa, ta dogara sanda ta tashi. Ta tuna wa jama'a al'ada: mace in ta mutu a gidan miji, ba a binne ta sai mijin ya biya ɗan'uwanta na jini. Wa ya zauna bakin ƙofa ya hana a ɗauki Ozoua har gawa ta fara sauyawa, sai da uban Zalissa ya kawo rago da zannuwa?

"Digbeu, ka ci ragon 'yar'uwa. Yau ka amayo shi, ko ka amsa ta."

Kowa a wurin ya ci naman nan, ba mai iya musu. Alƙali ya sa aka tafi da Digbeu kan rantsuwar ƙarya, dattawa suka mayar wa Zalissa gonar.

Da takardar ta fito, Zalissa ba ta yi guɗa ba. Ta naɗe ta a leda, ta biya ta kan ɗan ƙaramin kabarin goyonta ta daɗe a tsaye, sannan ta ja hannun 'yarta suka nufi makaranta.