Minti Biyu a Ɗakin Lu'ulu'u

Ranar Litinin da hantsi Haji Lalu Mahsun ya buɗe ɗakin ajiya na kamfaninsa da ke birnin Mataram, ya tarar faranti guda na lu'ulu'u masu ruwan zinare ya yi ɓatan dabo. Ba a fasa komai ba. Na'urar ƙofar kuma ta nuna tun da aka kulle ɗakin da safiyar Juma'a ba wanda ya goga kati.

Baiq Rohani ce ke jagorantar aikin sa wa ginin ƙofofin kati, wata uku ke nan. Ko da ta iso, Sufeto Zulkarnaen ya riga ya zaunar da Ketut, mai haɗa mata wayoyi, a kan benci. Shekara tara suna aiki tare.

Pak Hendro, injiniyan da Haji ya ɗauka don ya riƙa duba musu aiki, yana tsaye yana bayani. "Su suka sa ƙofar, su suka san yadda ake buɗe ta ba kati. Me ake jira?"

"Pak Sufeto, ka ba ni rabin awa," in ji Rohani, ta sa masa "Pak" ɗin da ake girmama maza da shi. Ta zauna ta buɗe kundin aikinta, wanda ma'aikata ke tsokanarta cewa ko atishawa aka yi sai ta rubuta a ciki.

"Ranar Juma'a mun gwada ƙararrawar gobara," ta ce. "In ta buga, kowace ƙofa tana sakin kanta don mutane su fita. A lokacin ba a bukatar kati."

"Wa ya san ranar gwajin?" in ji Sufeto.

"Kowa ya sani. Amma sanin cewa har ɗakin ajiya zai buɗe, sai mu huɗu da muka zauna taro: ni, Ketut, Pak Hendro, da Pak Saparudin shugaban masu gadi."

Sufeto ya juya kan Ketut. "Kana ina lokacin?"

"Gaban akwatin wutar lantarki a ƙasan bene, Pak. Jami'in kashe gobara na tsaye a kaina."

Aka kira jami'in a waya, ya tabbatar.

"Kai fa, Pak Saparudin?"

"Ina fili ina ƙirga mutane, rana na gasa min ƙeya. Ga takardar, mutum talatin da biyu, kowa ya sa hannu."

Sunan Rohani na ciki, na Pak Hendro ma yana ciki. Sufeto ya ɗaga kafaɗa, ya kira ta da "Bu" ɗin da ake girmama mata da shi. "To, Bu, kowa ya fita ke nan."

"Sa hannu ba ya nuna lokaci," ta ce. Ta juyo masa da kwamfutarta. "Shafin shiga kuka duba. Ga shafin fita. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in da uku, wani ya danna maɓallin fita daga cikin ɗakin ajiya, alhali ba a rubuta shigarsa ba."

"Me zai sa ya danna, ƙofa tana buɗe?"

"Don ta rufe da shi. A taro an tsayar za a bar ƙofofi a sake minti huɗu. Ni kuwa da na ga duk ƙofofin sun buɗe, raina bai kwanta da barin dukiyar mutane a buɗe ba, na buga wa Ketut ya mayar da lantarki su kulle a minti biyu. Ɓarawon bai san da wannan ba."

Sai ta nuna hoton da ta ɗauka a fili don kundin miƙa aiki, lokacinsa na jiki: sha ɗaya da arba'in da uku daidai. Sufeto ya bi kawuna da yatsa. Talatin. Da mai ɗaukar hoton, talatin da ɗaya.

"Pak Hendro, ban gan ka ba," in ji Sufeto.

"Na zaga bayi."

"Ana tsakar gwajin da aka biya ka ka duba?" in ji Rohani a hankali. Ta buɗe wani shafi. "Taron ranar Talata. Na ce minti ɗaya ya isa, kai ka dage sai huɗu. Ga sa hannunka."

Sufeto ya sa aka tafi da Pak Hendro. Kafin azahar 'yan sanda suka samo lu'ulu'un a gidansa, cikin kwalin na'urar gwajin waya, ko ɗaya bai kai ga sayarwa ba.

Haji ya kama hannun Ketut da hannu biyu ya nemi gafara, sannan ya aika a sayo wa ma'aikatan gasasshiyar kaza mai yaji.

Sufeto ya raka Rohani har bakin mota. "Bu, duk ranar da kika gaji da ƙofofi, akwai kujera a ofishinmu."

Ta ɗora kundin a kujerar gaba, ta dube shi. "Ofishin naku da na ga an tokare ƙofar ɗakin ajiye kayan shaida da bulo? Ku fara kirana in gyara muku ita tukuna."