Layin Fabrairu a Watan Disamba

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Juma'a masu nutso suka fito da gawar Aurele Gauvreau daga Tafkin Garneau. Sufeto Rosaire Binette yana tsaye a kan ƙanƙara, nesa kaɗan da ramin. Ya cire hularsa don girmama mamaci, sanyi ya sa ya mayar da ita nan da nan.

Wurin da abin ya faru muna kiransa Maƙogwaro, inda tafkin ya tsuke, ruwa ke gudu a ƙarƙashi yana cin ƙanƙarar ta ciki. Ba wanda ke bi ta nan da babur ɗin ƙanƙara sai Fabrairu ya kama. Ga shi ana tsakiyar Disamba, kuma wanda ya faɗa ramin shi ne mutumin da ke auna wa gari kaurin ƙanƙara.

"Wa ya kawo rahoto?" Sufeto ya tambayi Saje Tuomi, mataimakinsa.

"Dattijo Eino Lahti, ranka ya daɗe. Jiya ƙarfe uku da minti ashirin. Ya ce ya ga Aurele ya daɗe bai dawo daga kai wa yayarsa cefane a tsallake ba, sai ya bi sawu."

"Sawu? A iskar jiya da mutum ba ya ganin hannunsa?"

"Haka dai ya ce."

Kafin azahar aka janyo babur ɗin. A gaban matuƙi akwai kwamfutar hannu, wadda mu a nan allo kawai muke ce mata, cikin gidan roba da ruwa ba ya shiga, an ɗaure ta da kusoshi huɗu. Ita ke nuna gudu da zafin inji da taswira, da layin da mutum zai bi a kan tafki. Sufeto ya sa aka kwance ta aka kai ofis.

Daga nan ya nufi gidan makoki. Falon ya cika da mutane da tukwanen miyar wake da maƙwabta suka kawo, ba mai ci. Josiane, 'yar mamacin tilo, malamar asibiti ce mai shekara talatin da ɗaya. Tana zaune a kujerar kicin, Eino Lahti na gefenta, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Shi da Aurele tare suka tashi.

Sufeto bai gama gaisuwar ta'aziyya ba ta ɗago kai.

"Kada ka wahalar da kanka, Rosaire. Ni na kashe shi."

"Haba 'yata, daina faɗin haka," in ji Eino. "Ƙaddara ce."

"Ki yi min bayani a hankali," Sufeto ya ce, ya jawo kujera.

"Ni na saya masa allon, ni na ɗaura masa. Layi biyu ne a ciki. Na farkon hunturu mai zagaye, da na Fabrairu mai yankewa ta Maƙogwaro. Ɗaya kawai ke fitowa a lokaci guda. Ranar Lahadi na taɓa shi ina gyara masa haske. Na san na bar masa na Fabrairu a kunne. Ba wata hanyar da Baba zai bi ta wurin nan."

"Kin tabbata kin bar shi, ko zato kike?"

"Wa kuma zai taɓa?"

"Akwai lambar sirri a kai?"

Ta dube shi kamar baƙo. "Wa ke sa lambar sirri a garin nan? Sai ka cire safar hannu kafin ka danna."

Gaskiyarta. Ba ma kulle allo, ba ma kuma cire makulli daga babur, don wata rana wanda sanyi ya ritsa da shi zai buƙace shi. Mun daɗe muna alfahari da wannan.

Sufeto ya juya ga dattijon. "Baba Eino, me ya sami hannun?"

"Murhu ne. Tsufa ya sa na kama ƙofarsa da zafi."

"Ka san yadda allon nan yake aiki?"

Eino ya yi tsaki. "Ni da wannan madubin? Ko kusa da shi ban taɓa zuwa ba. Shekara talatin da ɗaya ina huda ƙanƙara ina kafa rassan itace a kan hanya, ba a taɓa rasa ko kare ba. Bara ƙungiyar masu babur ta ce rassa sun tsufa, kowa ya bi layin Aurele. To, ga shi nan."

Josiane ta sunkuyar da kai. Maganar ta sauka a kanta, kuma kowa a kicin ɗin ya ga haka. Sufeto ya fita ransa a ɓace.

Da la'asar Saje Tuomi ya kunna allon a ofis. Ruwa bai taɓa shi ba. Irin waɗannan na'urori ba sa manta komai, har abin da ba a tambaye su ba suna ajiyewa.

"Ranka ya daɗe, duba nan. Tun daga bakin tafki gudunsa bai wuce kilomita ashirin da takwas ba. Bai kauce daga layi ko da taku ɗaya ba. Masu cewa ya sha giya su zo su gani."

"Wane layi ne?"

"Na Fabrairu."

Sufeto ya numfasa. "Tun ranar Lahadi?"

"A'a. Litinin da Talata da Laraba duk na farkon hunturu ya bi. An canza shi jiya, ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in da ɗaya na rana. An yi ta shiga wuraren da ba su ba ana fitowa, kusan minti tara, kafin a samo shi. Wanda ya yi bai iya sosai ba."

"Babur ɗin yana ina a lokacin?"

"A tsaye, ƙofar gidan abincin Fleurette."

Sufeto ya kai hannu ga waya zai kira Josiane, sai ya fasa. In Aurele ne da kansa ya canza bisa kuskure, za ta ce ita ce ba ta koya masa da kyau ba. Ba ya so ya ba ta rabin magana.

Fleurette Amyot ta shekara sittin, kuma duk wanda ya girma a garin nan ta taɓa korarsa daga shagonta, har da Sufeto. Ya same ta tana goge tebur.

"Inna Fleurette, jiya Aurele ya ci abinci a nan?"

"Kamar kowace Alhamis. Naman barewa da dankali, kofi biyu."

"Ya fita waje a tsakani?"

"Aurele? In ya zauna, ko gobara sai ta jira ya gama. Daga sha biyu da kwata har ɗaya saura bai motsa ba."

"Wani ya fita?"

"Ni mai gadin ƙofa ce? Ban ga kowa ba."

"Tebur shida gare ki, Inna. Kina sanin wanda ya ƙara sukari cokali uku."

Ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge.

"Josiane tana can tana cewa ita ta kashe ubanta," Sufeto ya ce a hankali. "Ba ta ci komai ba tun jiya. Kin san halinta, ba za ta sauke wannan daga ranta ba har ta mutu."

Fleurette ta ajiye tsumman. Eino mijin marigayiya ƙanwarta ne, shi ya sa maganar ta yi mata nauyi.

"Tare suka zauna," ta ce. "Aurele yana tsokanarsa, wai ya kawo rassansa a hura wuta tunda ba su da aiki. Mutane suka yi dariya. Eino ya tashi ya ce zai duba man babur ɗinsa. Ya daɗe. Da ya dawo hannunsa na cikin hammata, ya kasa riƙe kofi da shi."

"Murhu ya ce min."

"Murhu a bakin titi?"

Safiyar Asabar Sufeto da Saje suka koma gidan Gauvreau. Eino yana nan, ya zo da wuri yana faskaren itace da hannu ɗaya don masu makoki. Sufeto ya kira shi cikin rumfar babur, ya jawo ƙofa bai rufe duka ba.

"Baba Eino, kwance bandejin."

"Yau kuma likita ka zama, Rosaire?"

"Kwance."

Ya kwance. Yatsu uku sun kumbura, bakinsu ya yi fari fat, ɗaya ya soma baƙi. Duk wanda aka haifa a nan ya san bambancin ƙunar wuta da cin sanyi.

"Allon nan ba ya jin safar hannu," Sufeto ya ce. "Ba ya kuma ciruwa, Josiane ta ɗaure shi da kusoshi. Duk wanda ya canza layin sai da ya tsaya a waje minti tara da hannu tsirara, sanyi na digiri talatin da biyar ƙasa da sifili."

"Rabin gari na da yatsu irin waɗannan."

"Haka ne. Amma rabin gari ba su je Maƙogwaro ba. Hanyar zagaye tana gabas. In neman Aurele ka fita, can za ka bi. Kai ka miƙe yamma, wurin da ba mai hankalin da zai je, kuma Saje ya ga igiyar janye babur da butar shayi da kofi biyu a kan babur ɗinka. Wa ya gaya maka yana can?"

Eino ya dubi yatsunsa. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ranar Litinin na auna wurin," ya ce. "Inci bakwai, da ruwa-ruwa a sama. Na san babur zai maƙale amma ba zai nutse ba. Na ce bari ya maƙale. Ya zauna awa ɗaya yana rawar sanyi da madubinsa, ni kuma in zo da igiya in janyo shi, in ba shi shayi, mu shigo gari ina jansa a baya kowa ya gani. Iyakar abin da na nufa ke nan, wallahi."

"Ranar Laraba aka buɗe madatsar ruwa ta sama," Sufeto ya ce. "Ruwa ya ƙara gudu, ya cinye ƙanƙarar ta ciki."

"Ban sani ba. A allo suka aika sanarwar, ni kuwa ba ni da shi. Da rassa ne a kan hanya, ko makaho ba zai bi ta nan ba. Na isa na tarar da rami, ruwa baƙi, ba komai a kai. Na kira sunansa har muryata ta tafi."

"A ina ka koyi canza layin?"

"Ranar da yarinyar ta koya wa 'yan ƙungiya. Na zauna a baya ina zagi, amma ina kallo."

"Eino Lahti, na kama ka bisa zargin jawo mutuwar Aurele Gauvreau. Kana da damar yin shiru har ka ga lauya."

Ƙofar ta buɗe. Josiane ce, riƙe da kofin kofi da ta kawo wa dattijon. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye. Ta ajiye kofin a kan benci da hannu biyu don kada ya zube.

Sufeto ya ce mata, "Layin da kika bar masa daidai ne. Kwana uku yana binsa lafiya. Ba ke ba ce."

Ta gyaɗa kai, idonta na kan Eino. Shi ya riƙe ta ranar da aka yi mata baftisma, shi ya koya mata kamun kifi ta ramin ƙanƙara. Ya miƙe da ƙyar.

"'Yata, ki yafe min. Ban yi nufin ya mutu ba."

"Na yarda, Kawu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Na san ba ka nufa ba. Wata rana ma wataƙila in yafe maka wannan. Amma kwana biyu kana zaune kusa da ni, kana jina ina cewa ni na kashe Baba, kana shafa min kai kana cewa ƙaddara ce. Da Rosaire bai zo ba, sai yaushe za ka gaya min?"

Eino ya kau da kai.

"Da ka bar ni da laifin a kaina," ta ce.

Bai musa ba. Saje Tuomi ya ciro ankwa, ya dubi kumburarrun yatsun, ya mayar da ita aljihu, ya kama dattijon a gwiwar hannu. Suka ratsa tsakar gidan, masu makoki suna matsawa suna ba su hanya. Sai da aka rufe ƙofar mota Josiane ta zauna a ƙasa ta fara yi wa ubanta kuka.