Maƙwabtan Rijiyar Gidan Yalwa

Ku matso kusa. Ke Hajjo, kife wayar nan, ba a ba da irin wannan labari da haske a fuska. Kuma ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta.

Kun san benen nan mai hawa uku da ke bayan tsohuwar kasuwa, wanda masu sayar da waya suka cika ƙasansa? To da can gidan ƙasa ne, mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Gidan Yalwa ake ce masa, da sunan tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a ciki. Haladu autanta ne. Birkila ne, irin mutanen nan da in suka ce maka gobe, to goben ce.

Rijiyar tana da masu ita. Kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa. Yalwa maƙwabta take ce musu. Ba ta taɓa yanka musu ko ɗan tsako ba, ita ba ruwanta da wannan. Zaman mutunci kawai ake yi. Ba a jefa guga sai an yi sallama. Ba a zubar da ruwan zafi a gefenta. Rana na faɗuwa a ja murfi. Su kuma shekara sittin ko kaza ba ta taɓa mutuwa a ciki ba, ruwan bai taɓa ƙafewa ba. Haladu yana ƙarami yakan leƙa ya yi sallama, murya ta dawo masa daga ƙasa. Yayyensa su ce amsa-kuwwa ce. Shi dai ya san muryar da ke dawowa ta girmi tasa.

Yalwa ta rasu. Magada goma sha ɗaya, gida ɗaya, a tsakiyar gari inda benaye ke tsirowa ta ko'ina. Suka sayar. Wanda ya saya kuwa Zailani ne, ɗan kwangila, abokin Haladu tun suna cin tuwo a kwano ɗaya a wannan zauren. Lokacin da uwarsa ta yi doguwar jinya, Yalwa ce ta riƙe shi, da ruwan rijiyar nan take masa wanka.

Aka kawo katafila. Ta cinye zaure, ta cinye ɗakuna, tana isa bakin rijiya ta mutu. Aka gyara, ta sake mutuwa a wurin. Direba na biyu ya diro yana rawar ɗari da tsakar rana, ya tafi ko hularsa bai ɗauka ba.

Sai ga Zailani a ƙofar Haladu.

"Mutumina, kai kaɗai za ka fitar da ni."

"Da me?"

"Ka yi musu magana. Su ɗan kauce, mu yi aiki."

"Su kauce zuwa ina? Gidansu ne."

"Na ɗan lokaci ne. Dubi nan."

Ya shimfiɗa takardar zanen gini a kan mota, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan zagaye a kusurwa.

"Ka ga rijiyarku. Ba zan taɓa ta ba. Bene zai tashi ya bar ta a bayansa. Ranar da aka zuba dekin na ƙarshe, rufin kankaren sama, su dawo abinsu."

Akwai rubutun boko a gefen zagayen. Haladu bai iya karatun boko ba, Zailani kuma ya san bai iya ba.

"Ka rantse?"

"Haba Haladu. Ni da Inna ta goya?"

Kun lura bai rantse ba? To Haladu bai lura ba.

Da yamma ya je shi kaɗai. Ya tsallaka tarin ƙasar da a da ita ce ɗakin uwarsa, ya durƙusa a bakin rijiya, ya yi sallama. Aka amsa.

"Ni ne, autan gidan nan. Ina roƙon ku kauce na ɗan lokaci. Ba za a taɓa muku wuri ba. In an zuba rufin ƙarshe, ku dawo. Ni na ce."

Can sai ya ji motsi a ƙasa, ƙarar kwanuka, irin ta mata suna haɗa kaya. Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen ƙafafunsa, ta daɗe tana wucewa. Washegari katafila ta tashi da bugu ɗaya.

A makon nan Zailani ya tura shi wani aiki can bayan gari, mai nisa, mai daɗewa. Haladu har godiya ya yi, bawan Allah. Wata tara yana can, sai ga waya.

"Jiya muka zuba dekin na uku. Zo ka riƙe mini ban-ruwa, ban yarda da kowa ba."

Sabon kankare sai an riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, in ba haka ba ya tsattsage. Aikin lebura ne, ba na birkila ba. Amma Haladu ya ɗauka amana ce ta sa aka kira shi, har ya ji daɗi.

Bayan la'asar ya iso. Ya nufi kusurwar baya don ya gaida rijiya, ya tarar an kewaye wurin da langa-langa, an sa kwaɗo. Ya nemi mai gadi, aka ce ya tafi gida tun azahar. Leburori suna ta wanke ƙafa da sauri, ba mai haɗa ido da shi. Kafin ya gama jan tiyo zuwa sama, ba kowa a wurin sai shi.

Ya fara ban-ruwa. Rana ta yi ja. A ƙasa gari yana ta hayaniyarsa, 'yan adaidaita, janareto, masu rufe shaguna. Sai hayaniyar ta ɗauke. Ba raguwa ta yi ba. Ɗaukewa ta yi gaba ɗaya.

Ya ji taku a matattakala. Caɓ. Caɓ. Takun jiƙaƙƙiyar ƙafa, alhali matattakalar a bushe take.

Wata gajeriyar tsohuwa ta ɓullo, da ƙunshi a ka, da zanen saƙi irin wanda aka daina ɗaurawa tun kafin a haife shi. Ta tsaya a bakin matattakala.

An ɗan karkata dekin ɗin gabas don ruwan sama ya riƙa sauka, Haladu ya ga haka tun hawowarsa. Amma ruwan da ya zuba ya juya. Yana tafiya yamma, yana hawa, yana taruwa a ƙafafunta. Ya kalli ƙafafun. Ba yatsu. Sumul suke kamar gindin tulu.

Leɓenta ya motsa, ya tsaya. Sannan muryar ta iso, daga can ƙasa.

"Salamu alaikum, ɗan Yalwa."

Ya san muryar. Tun yana ƙarami ya san ta.

"Wa alaikumus salam, Iya."

"An zuba na ƙarshe."

"An zuba."

"Mun dawo. Akwai yara, sun gaji. Zo ka buɗe mana."

Ya ajiye tiyo ya wuce gaba. Hawa uku yana sauka, yana jin taku a bayansa, manya da ƙanana, da yawa. Bai waiwaya ba. Tsoro yana jinsa har a haƙora, amma a ƙarƙashin tsoron akwai ɗan farin ciki, don yau zai cika maganarsa. Suna isa kusurwar, kwaɗon ya faɗi ƙasa da kansa.

Wari ne ya fara tarbarsa.

Ba rijiya. An shafe bakinta da kankare. Manyan bututu uku sun sauko ta jikin bango, ɗaya daga banɗakin kowane hawa, sun nutse cikin kankaren. Sokawe aka mayar da ita, ramin ƙazantar bene duka. Leburori ma sun riga sun fara amfani da ita. Abin da ke rubuce a gefen zagayen ke nan, tun ranar farko.

Ya durƙusa a wurin. Bai taɓa jin kunya da ɓacin rai irin na lokacin ba, har ya manta da tsoro. A bayansa wata ƙaramar murya ta fara kuka, aka rarrashe ta.

"Iya, wallahi ban sani ba."

"Mun sani. Da ka sani, da ba da ƙafafunka ka sauko benen nan ba."

Sai ta ƙara da cewa:

"Mutum uku abokinka ya turo mana kafin kai. Da turarensu, da tsawarsu. Ko motsi ba mu yi ba. Muryarka muka sani."

Ta sauke ƙunshin a gabansa, ta kwance. Cokula. Tsofaffin gugogi. Ɗan madubi. Warin takalmin da ya jefa yana shekara biyar, har ya sha duka a kansa. Da awarwaron Yalwa, wanda ya zame mata a hannu wata damina ta yi kwana uku tana jimami. Komai a goge, ba tsatsa.

"Ajiyar gidanku ce. Duk abin da ya faɗa, muna adanawa. Ba ma tafiya da kayan mutane."

"Ina za ku, Iya?"

"Ba za mu gaya maka ba. Wani zai sake aiko ka."

Iskar nan mai sanyi ta sake wucewa ta gefen ƙafafunsa. Aka kira magariba, hayaniyar gari ta dawo. Shi kaɗai ne a durƙushe, da cokula a gabansa.

Da safe ya tare Zailani a ƙofar gidansa, zai shiga mota. Ko gaisuwa Zailani bai jira ba.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

Zailani ya yi ajiyar zuciya. A gaban Haladu ya yi ta.

"Kada ka ɗauka da zafi, mutumina. Rami yana nan a haƙe, in bar shi in haƙa wani? Fili nawa ne a wurin?"

"Don me ka kira ni ban-ruwa?"

"Na san kai ba za su taɓa ka ba."

"Ka sani, ko ka gwada?"

Zailani ya kalli mukullin motarsa. Haladu ya juya ya tafi. Ba su sake magana ba har yau.

Benen yana nan, ya cika da 'yan haya. Sau huɗu ana haƙa burtsatse a harabarsa, ko laima ba a samu ba, 'yan garuwa ke hawa da jarkoki. Masu shagunan ƙasa kuma ba mai bari magariba ta same shi a kusurwar baya. Ku ma kada in ji an aiki ɗayanku wurin shi kaɗai da yamma ya ce to.

Haladu yana nan da awarwaron a aljihu. Duk garin da aiki ya kai shi, in ya ga rijiya sai ya leƙa ya yi sallama. Na gan shi da idona a ƙauyen su Kaka. Ni na yi tari a bakin rijiyar, ta mayar mini da tarina. Shi ya yi sallama sau uku, da ƙarfi. Ko amsa-kuwwa ba ta dawo masa ba.

Hajjo, kunna wayar. Wa zai raka ni in ja murfin rijiyarmu?