Man Shafawar da Ya Ƙone Fuskar Haula

"Yaya Abarci, kashe shi za ka yi?!"

Haula ta faɗo cikin farmasin ba mayafi, ba takalmi. Kwalabe sun tarwatse a ƙasa, Zakiru mai sayar da magani na kwance a cikinsu, jini na bin kunnensa. Yayanta, wanda ya baro shanunsa a tsakiyar kasuwar Dakoro, ya sake ɗaga gora.

"Kauce! Dibi yadda ya maishe ki!"

Gaskiya fuskar ba ta kalluwa. Haula zabiya ce, rana ta daɗe tana cin fatarta, har likita a Maradi ya ce tabon da ke fuskarta sankara ce ke shirin kamawa. Ya rubuta man shafawa, Zakiru, mai neman aurenta, ya nemo mata. Kwana goma sha biyu, fuska ta yi jajur, ta ɗaye. Ita kuwa Ramla, 'yar kawunsu da ta daɗe tana haɗiyar yawu kan Zakiru, sai ta tsegunta wa Abarci wai ruwan batir ya cuɗa a ciki don ya tsere wa auren.

"Yaya..." Zakiru ya tofar da jini. "Fuloro-urasil sunan maganin. Abin da ƙwayar ciwon ke ci ta hayayyafa aka kwaikwaya, aka liƙa mishi sinadarin fuluwor. Kamar gubar ɓera cikin dawo, in ta haɗiya sai ta mutu. Ƙunar nan aikinshi ce..."

"Ni za ka yi ma karatun lakkwal?"

Gora ta sauka, hannun Zakiru ya yi ƙas!

Haula ta kife a kansa, ta biyun ta same ta a gadon baya. Numfashinta ya ɗauke, amma ba ta ɗaga ba.

"Haula, rabin raina, tashi..." in ji Zakiru.

"Ba ni tashi!" Ta waiwayo, hawaye na zuba kan gyambon, yana mata raɗaɗi. "Yaya, shekara nawa kana kai ni gona da rana tsaka? Zakiru ne ya fara tambayata ko fatata na ciwo! Sauran kwana tara in gama, kuma ka jefa maganin a wuta. In sankara ta ci ni, wa za ka buga?"

Gorar ta sulale daga hannun Abarci. Kunya ta kama shi, ya fice.

Washegari da la'asar ya shigo asibiti buɗu-buɗu, daga Maradi yake a kan babur. Likita ya gaya masa komai. Ya durƙusa gaban gadon Zakiru, ya ajiye sabon maganin.

"Na cuce ka. In har kana sonta bayan wanga abu, na ba ka."

Zakiru ya dubi Haula da ke zaune gefensa da fuskar nan mai ɓawo, ya yi murmushi da fasasshen leɓe.

"Ko yau aka ɗaura, Yaya. Amma ta fara shafa na yamma."